Aikin ɗalibai a cikin al'umma: me za mu yi a Zamfara da zai daɗe bayan mun koma makaranta?

'Yar_Mafara:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ina karatun jinya ta hanyar ayyukan yau da kullum, fannin da ake ce wa OT a asibiti. Aikinmu shi ne wanda ciwo ko naƙasa ta raba shi da abin da ya saba yi wa kansa, kamar cin abinci, sa riga, alwala, shiga ban ɗaki ko komawa sana'a, mu nemo masa hanyar da zai koma yi, ko da ba yadda ya saba ba. Wannan zangon an ce kowane rukuni ya zaɓi wata al'umma ya je ya yi aiki a cikinta, ba a asibiti ba. Mu 'yan Zamfara mun roƙa a bar mu mu yi a gida, kuma an yarda. Mun rasa wanda za mu ɗauka tsakanin masu shanyewar ɓarin jiki da aka sallamo gida, da yaran da ba sa iya zama ko riƙe wuya, da 'yan gudun hijirar da ke cikin Gusau. Lokacin 'yan makonni ne, kuɗin kuma daga aljihunmu. Me za mu yi da zai daɗe bayan mun koma makaranta?

Ɗan_Bukkuyum:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ji haushina. Mu mun ga masu zuwa da takarda da biro har mun gaji. Su zo su zauna bisa tabarmarka, su tambaye ka ɗiya nawa gare ka, mi kake ci, su ɗauki hoton yaronka mara lafiya, su tahi. Su sun samu maki, kai kana nan inda anka ishe ka. Ni ra'ayina, wanga aiki ɗalibai ne ke amfana da shi, ba mutanen ƙauye ba. In kun haɗa kuɗin motar da za ku kashe kunka sai ma gurgu guda keke, ya fi.

Maman_Biyu:
Yaya Ɗan_Bukkuyum, maganarka akwai gaskiya a ciki, amma ni ɗaliba ce ta gyara mini zama da ɗana. Shawara ta kama shi a satin da aka haife shi, ba a kai shi asibiti da wuri ba, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ba ya zama, wuyansa ba ya tsayuwa. Da can kwantar da shi nake yi a cinya ina zuba masa kunu, yana shaƙewa, yana tari har idonsa ya yi ja, ga ciwon ƙirji ba ya ƙarewa. Wata ɗaliba da ta zo koyon aiki ta ce in ba shi abinci a gabanta. Ta kalla har na gama, sannan ta zaunar da shi a kusurwar ɗaki, ta tura ƙugunsa har ya manne da bango, ta naɗe zane ta tokare masa gefe da gefe, ta sa haɓarsa ta ɗan sunkuyo. Ta ce ƙaramin cokali, kaɗan kaɗan, kada in ƙara sai na ga maƙogwaronsa ya motsa ya haɗiye. Ta ce in daina kunu mai ruwa-ruwa in riƙa dama masa mai ɗan kauri. Ba ta ba ni ko kwabo ba. Har yau haka nake ciyar da shi, kuma na koya wa kakarsa da wata maƙwabciyata mai irin ɗan.

Dattijon_Gummi:
Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ɗiyata 'Yar_Mafara, wannan karatu naku ba shi ne gashin ƙashi ba?

Likitan_Gashi:
Baba, 'yan'uwan juna ne amma ba ɗaya ba ne. Ni gashin ƙashi na karanta. In aka kawo mini mai shanyewar ɓarin jiki, ƙarfin ƙafarsa da tsayuwarsa da tafiyarsa nake bi. Su kuma za su tambaya: to ya koma gida, yaya zai yi da masai na tsugunno? Wa zai zuba masa ruwan buta? Hukuma ɗaya ke mana rajista gaba ɗaya, hukumar masu farfaɗo da marasa lafiya da aka kafa a 1988. Su dai sun fi mu ƙaranci nesa ba kusa ba, don wuraren da aka sani da koyar da su suna Kudu ne, kamar Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife da makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas.

Ƙanwata, ku ɗauki abu guda, kada ku rarraba ƙarfinku. In ni ne, masu shanyewar ɓarin jiki zan ɗauka. Hawan jini ya yi mana yawa, kuma ranar da aka sallami mutum ranar ake mantawa da shi. Abin da na fi gani shi ne kafaɗa. 'Ya'ya na son su tayar da babansu, sai su kama hannun da ya shanye su ja. Naman da ke riƙe kafaɗar ya riga ya saki, ƙashin sai ya zame daga gurbinsa, mutum ya koma kwana da zogi. Ku koya wa gida goma yadda ake ɗaga mutum ta ƙugu, da cewa hannun da ya shanye shi ake fara sa wa a riga, shi ake cirewa a ƙarshe. Sannan dole ku kasance ƙarƙashin mai lasisi. Ɗalibi ba ya duba mara lafiya da gashin kansa.

Jikar_Anka:
Ni kuwa mamaki nake a yi maganar naƙasa a Zamfara ba a ambaci yaran gubar dalma ba. Ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe suna kai hannu baki. Yara wajen 400 aka rasa. Waɗanda suka rayu fa? Maganin da aka ba su yana fitar da dalma daga jini, amma abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Akwai mai farfaɗiya, akwai wanda ba ya gani, akwai wanda karatu ba ya zama masa. Yanzu sun zama samari da 'yanmata, iyayen da ke ɗawainiya da su sun fara tsufa. Su wa ke koya musu wanka da kansu, ko wata 'yar sana'a?

Sarkin_Labari:
Wannan abin ai a 2013 aka yi shi, a Bagega.

Jikar_Anka:
A'a Malam. A 2010 abin ya bayyana, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, lokacin da likitocin MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, suka lura da yawan mutuwar yara. Bagega ce aka yi jinkirin kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa har sai 2013, shi ya sa shekarar ta tsaya maka a rai.

Ɗan_Bukkuyum:
Gaskiya ce ta hwaɗi. Kuma nan ne munka ga bambancin mai zuwa ya zauna da mai zuwa ya leƙa. Waɗancan likitocin, shekaru sunka yi suna aiki, sunka koya ma 'yan gari. Shi nike nufi tun farko.

Malam_Tsafe:
Ina roƙonku da girman Allah kada wanda ya zuga yaran nan su kama hanyar Anka zuwa Bagega. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Mutanen waɗancan ƙauyuka da yawa ma sun baro su, suna cikin garin Anka da Gusau. Duk wanda kuke nema za ku same shi a unguwannin Gusau, a kangaye da gidajen da ba a gama gini ba. Maki bai kai rai ba.

'Yar_Mafara:
Na gode Malam. Makaranta ma ta ce ba za ta sa hannu a kan wani wuri ba sai cikin Gusau ko cikin garin Talata Mafara. Yaya Ɗan_Bukkuyum, maganarka ta tsaya mini a rai. Hoto dai mun yanke ba za mu ɗauki fuskar kowa ba. In rahoto ya buƙaci hoto, na kujera ko cokali za mu ɗauka.

Mai_Keke_Kaura:
Bari mai abin ya yi magana. Shan inna ta kama ni ina yaro, da keke nake yawo, gyaran waya nake yi a bakin kasuwa. An ce an gama da cutar a Afirka tun Agusta 2020, alhamdu lillahi, amma mu da ta riga ta taɓa muna nan, kuma shekaru na ƙara mana ciwon kafaɗa da baya.

Ɗan'uwa Ɗan_Bukkuyum, batun a sai wa gurgu keke: wane keke? An taɓa raba mana irin na asibiti, mai siririyar taya ta gaba. Ba ya tafiya a rairayi, ba ya haye kwata, in ya karye babu kayan gyaransa a kasuwa. Wasu sun sayar, wasu sun mayar da shi wurin shanya. Wanda ke mana aiki shi ne mai ƙafa uku mai tuƙin hannu, wanda mai walda ke haɗawa da tayar keke da sarƙa, duk mai gyaran keke zai iya taɓa shi. Da an tambaye mu da an sani. To wannan tambayar ita nake so ɗaliban nan su iya. Ƙanwata, kada ku zo mana da tsari a rubuce. Ku fara zuwa wurin sarkin guragu da sarkin makafi, ku gaishe su yadda ake gaida manya, ku ce me ya fi damun jama'arku. Za ku ji abin da ba ya cikin littafinku. Ni nawa, matakalar masallacin unguwarmu ce. Kullum sai na bar keke a waje na ja jiki a ƙasa da alwalata. Buhun siminti kaɗan zai yi gangare. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a Janairu 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce, ku zaga ku ƙirga wuraren da keke ke iya shiga.

Hajiya_Sabon_Gari:
Allahu akbar. Wannan magana ta masallaci ta taɓa ni. Zan yi wa maigida ita yau, yana cikin kwamitin namu.

Baffa_Ruga:
Salamu alaikum. Ni Bafillace ne, kuma na san wasu ba za su so maganata ba. In an ce al'umma, a tuna da mu ma. Akwai matan Fulani da rikicin nan ya koro zuwa gefen gari, ba su da hannu a komai, suna da tsofaffi a kwance da yara marasa lafiya. Tsoron zuwa asibiti suke yi saboda irin kallon da ake musu. Wata tsohuwar ma Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. In babu mai jin Fulatanci a cikinku ku nemi mace mai fassara. Kuma ku sani zaman bukka daban yake da na ɗakin siminti. Babu bangon da za a jingina yaro irin yadda Maman_Biyu ta faɗa, kuma abincin nono ne da fura.

Ɗan_Maradun:
Hmm. Mu da aka ƙone mana gari mun san su waye.

Malam_Tsafe:
Ɗan_Maradun, Allah ya mayar muku da alheri, babu wanda zai raina abin da ya same ku. Amma tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye ba ita ta ƙone gari ba. Mai jinya ba ya tambayar ƙabila. Mu bar maganar nan haka.

Nas_Shinkafi:
Baffa ya taɓo wani abu. Ba yare kaɗai ba, akwai kurame. Sanƙarau ɗin da ya faro daga Zurmi a ƙarshen 2016 ya shiga 2017 ya bar yara da kurumta, don cutar tana kashe jijiyar ji. Da maganar hannu ake zance da su, kuma a kowane gari akwai wanda ya iya.

Ni kuma zan ƙara muku masu cutar kuturta. Maganinta kyauta ne, wata shida ko shekara guda ana sha, kuma ana warkewa sarai. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ba cutar ke cinye yatsu ba. Jijiya ce ke mutuwa, hannu ya daina jin zafi. Mace na tuƙa tuwo, tururi na dafa mata hannu ba ta sani ba, ta sauke tukunya da hannu tsirara, gobe ƙuna, jibi gyambo. Abin da ake koya musu ba ya cin kuɗi: a jiƙa hannu da ƙafa a ruwa kamar rabin awa kullum, a goge kantar da dutse, a shafa mai tun fatar na da danshi, a duba tafin ƙafa kowane dare ko ƙaya ta shiga. A naɗe muciya da mariƙin fartanya da tsumma, a samu takalmi mai tauri a ƙasa mai taushi a ciki. In kuka haɗa su ƙungiya suna duba ƙafar juna duk mako, ko kun tafi za su ci gaba.

Anti_Malama:
Duk kun manta da 'yan gudun hijira da ta ambata. Ina koyarwa kusa da inda wasu suke zaune. Akwai matar da aka kashe mijinta a gabanta, wuni take zaune ba ta cewa uffan, yaranta na yawon bara. Ita ma ai abin da ta saba yi ne ya kuɓuce mata. Da tana da gona da awaki da turmi, yanzu babu abin da hannunta zai kama daga safe har dare. Na ga yadda wasu suka fara dawowa hayyacinsu da aka haɗa su suna kitso da suyar awara tare.

Ɗan_Bukkuyum:
Anti, mai jin yunwa za a ce ma zo a koya maka zama da mutane? Hatsi suke so.

Anti_Malama:
Hatsi suke so, ban musa ba. Amma ɗalibai ba su da hatsin da za su raba, kuma wanda aka raba yau jibi ya ƙare. Awarar da na faɗa ai ita ce hatsin. Abin da zan ja musu kunne a kai shi ne kada su tono wa mace abin da ya same ta don su cika takarda, su tafi su bar ta da shi. Wadda abin ya yi wa tsanani, ba ta barci ko tana maganar kashe kanta, wannan ta wuce ɗalibi. Likita za a kai ta, in ta kama har asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato.

Maman_Biyu:
Wani abu kuma 'yar'uwa. In yaran kuka ɗauka, ku shirya jin ana cewa ɗan ruwa ne ko iska ce ta taɓa shi. Ni har cewa aka yi in kai nawa bakin gulbi. Kada ku yi wa kaka gardama a gaban surukarta, za a rufe muku ƙofa. Ku bar ta da addu'arta, ku nuna mata yadda zai zauna. Ranar da ta ga jikanta zaune yana kallon mutane, ita da kanta za ta riƙa kiran maƙwabta.

Almajirin_Malam:
Haka ne. Kuma ku shiga ta hannun liman da mai unguwa. Majinyata da yawa suna barin salla don sun ɗauka tunda ba sa iya tsayuwa ko alwala shi ke nan, abin yana cin ransu fiye da ciwon. Alhali shari'a ta yi sauƙi: a yi a zaune, in ba hali a kwance, in ruwa zai cutar a yi taimama. Liman ya faɗi hukuncin, ku kuma ku nuna yadda za a rataye buta a ƙusa ta yadda hannu ɗaya zai karkato ta. Namiji a cikinku kuma ya sani ba kowane gida zai shiga ba, matan ne za su yi aikin cikin gida.

Likitan_Gashi:
Abin da kuke ta faɗa ɗin nan shi ne tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarsa a 2010, na farfaɗo da masu naƙasa a cikin al'ummarsu. Ba lafiya kaɗai ya ƙunsa ba, har da ilimi da sana'a da zaman jama'a da mutum ya iya tsaya wa kansa. Amma har yanzu ina kan bakana, abu guda. In kuka kama kuturta da kurame da 'yan gudun hijira da masallaci, babu wanda za ku gama. Kuma ku tafi da ma'aikaciyar asibitin unguwar duk gidan da za ku shiga, ita ce za ta rage a garin.

Mai_Keke_Kaura:
Likita, ka ce abu guda, ka kuma zaɓa musu. Ni na ce su bari masu abin su zaɓa.

Kafinta_Tudun_Wada:
Ni ban yi boko mai zurfi ba amma ina bin zancen. Kujerar kusurwa ta yara na taɓa yin ta, wata mata ta kawo mini zanenta a takarda. Falanki biyu ne a haɗe kamar kusurwar ɗaki, da na zama a ƙasa, da ɗan katako tsakanin cinyoyi don kada yaro ya zame, da ɗan tebur a gaba. Ragowar katako ma ya isa. Baffa, ita ba ta buƙatar bango, ko a bukka za ta zauna. In ɗaliban za su zauna da ni su nuna mini yadda ake auna yaro, zan riƙa yi a kuɗin katako da ƙusa kawai, in koya wa yaran shagona.

'Yar_Mafara:
Allah ya saka da alheri Malam Kafinta, zan biyo ka ta akwatin saƙo. Na tura wa abokan aikina duk abin da aka rubuta. Ɗaya ta tsaya a kan masu shanyewar ɓarin jiki kamar yadda Likita ya ce, ɗayan yana son mu fara da zaman sauraro wurin sarkin guragu kafin mu rubuta komai. Malamarmu ce za ta raba gardamar. Anti Nas, ƙungiyar duba ƙafar da kika ce, akwai wadda ke yi yanzu a Gusau da za mu je mu gani?

Ɗan_Bukkuyum:
Ni dai ban sauya ba. In kun dawo hutun gaba ku koma gidajen nan ba tare da an aike ku ba, ku ga mi ya rage. Sannan ki zo nan ki ba mu labari.

Auta_Gusau:
Salam, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Mahaifinmu ɓarin damansa ya shanye, an sallamo mu. Wallahi ta hannun muke ɗaga shi, kuma yana kukan kafaɗa, yau za mu daina. Babbar matsalarmu masai ce, ta tsugunno ce kuma ba ya yarda a kai masa fo ɗaki, har ya rage cin abinci saboda haka. Malam Kafinta, ana iya yin kujera mai rami da za a ɗora a kai?

Kafinta_Tudun_Wada:
Ana yi, har da mariƙi a gefen hannunsa mai lafiya. Ka zaunar da Baba a bakin gado, tafin ƙafarsa a ƙasa, ka auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa. Ka auna faɗin ƙofar ban ɗakin kuma, ka turo mini.